Ƙasa ta Uku: Tarihin Takunkumi da Karkatar da Kaya a Hanyar Kano da Maraɗi

A ranar 30 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja suka ƙaƙaba wa Jamhuriyar Nijar takunkumi mai tsanani. Aka rufe iyakokin ƙasa da na sama, aka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, aka riƙe dukiyar gwamnatin Nijar da ke bankunan yankin. Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na buƙatarta daga gare ta. A bisa takarda, ƙasar da ba ta da gaɓar teku ta shiga ɗaki an ja ƙyaure.

Kafin wata ya cika, kaya sun samo wasu ƙofofin. Tirelolin da suka saba tasowa daga Kwatano suka koma tashar Lome, suka ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori bisa rakiyar sojoji, suka shiga Nijar ta Tera. A Malanbil, inda aka toshe gadar da ta haɗa Benin da garin Gaya, kwale-kwale suka koma haye da mutane da buhuna. Tsakanin Jibiya da Ɗan Issa, da tsakanin Illela da Ƙonni, babura suka ci gaba da bin ɓarauniyar hanya.

Wannan ita ce tsohuwar larurar kowane takunkumi. Ƙasa biyu ke rigima, amma hanyoyin duniya sun fi biyu. Wadda ta hana kaya tana iya tsare ƙofarta, wadda aka hana kuma tana iya sayen kayan nan daga hannun maƙwabcin da ba ya cikin rigimar. Wannan maƙwabci shi ne ƙasa ta uku, kuma yawancin dokokin da ƙasashe ke kafawa a kan fitar da kaya domin shi aka yi su. Kano da garuruwan da ke arewa da ita sun daɗe da sanin wannan sha'ani, domin a cikin shekara 130 da suka wuce sun tsaya a duk matsayin uku: an hana su kaya, sun hana wasu, an kuma bi ta kansu an kai wa wasu.

Tafiya ɗaya ce, ko an yada zango

Ƙa'idar da ake aiki da ita yau ta ƙarfafa ne a teku. A watan Afrilu 1861, da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, Shugaba Abraham Lincoln ya ba da umarnin datse tashoshin jiragen ruwan jihohin Kudu. 'Yan kasuwar Ingila, waɗanda masaƙunsu ke rayuwa da audugar Kudu, suka samo dabara. Sai su yi lodi a Landan ko Liverpool, su rubuta a takarda cewa kayan na Nassau ne, wani gari a tsibiran Bahamas da ke ƙarƙashin Ingila. Can za a sauke, a sake lodawa a ƙananan jirage masu gudu, su kutsa cikin dare zuwa Charleston ko Wilmington. Kowane ɓangare na tafiyar, in an dube shi shi kaɗai, yana da hujjarsa.

A 1863 sojojin ruwan Amurka suka kama wani jirgi mai suna Springbok a kan hanyarsa ta zuwa Nassau. Bayan yaƙin, Kotun Ƙolin Amurka ta saki jirgin amma ta tabbatar da ƙwace kayan, bisa hujjar cewa tun daga Landan an yi niyyar kai su tashar da aka datse. Ma'anar hukuncin ita ce, yada zango a hanya ba ya raba tafiya gida biyu. Abin dubawa shi ne inda kaya za su ƙare.

Ingilar da 'yan kasuwarta suka koka da wannan hukunci ita ce ta fi kowa amfani da shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ta datse Jamus, sai ga Holan da Denmark da Sweden da Norway, waɗanda ba sa cikin yaƙin, suna shigo da abinci da mai da auduga fiye da yadda suka taɓa yi. Turawan Ingila suka ɗauko ƙididdigar shekarun da suka gabaci yaƙin, suka ƙayyade wa kowace ƙasa gwargwadon abin da ta saba ci, abin da ya haura kuma suka ɗauke shi a matsayin rabon Jamus. A 1916 suka ƙara abu biyu: takardar izini da ofishin jakadancinsu ke bayarwa tun kafin a yi lodi, da jerin sunayen kamfanonin ƙasashen waje da aka haramta hulɗa da su. Makoma ta ƙarshe, ƙididdiga, takarda kafin lodi, jerin sunaye: da waɗannan huɗun ake aiki har gobe.

Bindiga, albarushi da hanyar Tarabulus

Karo na farko da irin wannan doka ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye, Hausawa ne a ɓangaren waɗanda aka hana. A ranar 2 ga Yuli 1890 manyan ƙasashen Turai, tare da Amurka da Daular Usmaniyya ta Turkiyya, suka sa hannu a kan yarjejeniyar Brussels. Manufar da aka bayyana ita ce kashe cinikin bayi, wanda a lokacin yake ci gaba da cin rayuka a wannan yanki. Cikin sharuɗɗanta akwai hana shigo da bindigogin zamani da harsasansu a wani faffaɗan yanki na Afirka, daga layi na 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa layi na 22 kudu da ita. Abin da aka bari a sayar wa baƙar fata shi ne bindigar toka da albarushin kasuwa.

Kano tana tsakiyar wannan yanki. Tarabulus da Bangazi kuwa suna arewa da shi, kuma ayarin raƙuma ya daɗe yana haɗa su da Kano ta Gadamus da Gat da Agadas da Damagaram. Larabawan da ke zaune a Dandalin Turawa cikin birnin Kano su ne wakilan wannan fatauci na yadi da takarda da fata da gashin jimina. Ta wannan hanya bindigogin zamani suka riƙa tsallako hamada jefi-jefi. Damagaram ta riga ta yi nisa a wannan fanni tun zamanin Sarki Tanimu, wanda a mulkinsa ake ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin garin. Rabe, da ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa, babbar damuwarsa ita ce inda zai samo albarushi da harsashi.

Turawa ba su iya tsare hamada da takarda ba, sai suka kama zangunan. Kamfanin Royal Niger ya riƙe Kwara da Binuwai ta kudu. Faransawa suka mamaye Damagaram a 1899, suka kashe Rabe a Kusuri a watan Afrilu 1900. Da sojojin Ingila suka iso ganuwar Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903 da igwa da bindigar Maxim mai aman harsashi, mafi yawan mayaƙan da suka tare su takobi da mashi da kwari da baka ne a hannunsu. Dokar da aka rubuta da sunan jinƙai ta tabbatar wa masu rubuta ta fifikon makami. Duk wanda ke mamakin yadda mutanen wannan yanki ke kallon takunkumin manyan ƙasashe da ɗari-ɗari, ya fara bincikensa daga nan.

Iyakar da ta ratsa gida ɗaya

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma ta ratsa ƙasashen da jininsu ɗaya. Maraɗi dai sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa mulkinsu a cikinta bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu. Haka Gobir ta rabu tsakanin Tsibiri da Sabon Birni, Daura ta rabu da ƙauyukanta na arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa gangarowa nan domin ta kai teku ta Legas, har sai da Faransa ta shirya tsarin sufuri na musamman a shekarun 1950 don ta karkatar da ita zuwa Parakou da Kwatano.

A 1940 wannan iyaka ta zama bakin daga. Da Jamus ta ci Faransa a watan Yuni, Nijar da sauran yankin Faransa na Afirka ta Yamma suka bi gwamnatin Vichy a ƙarƙashin Gwamna Pierre Boisson da ke Dakar, Chadi kuma ta bi Janar de Gaulle. Ingila ta ɗauki ƙasashen Vichy a matsayin ƙofar da kaya za su iya bi su kai hannun Jamus, ta ƙuntata ciniki da su har zuwa Nuwamba 1942, lokacin da Boisson ya koma ɓangaren ƙawance. Yadi da sauran kayan kanti suka yi wuya a ƙasar Faransa. A shekarun nan mutanen bakin iyaka suka ƙara sanin abin da jikokinsu suka gada: duk ranar da hukuma ta rufe ƙofa, farashi yakan bambanta tsakanin kasuwanni biyu da ke kallon juna, wannan bambanci kuwa shi ne ribar mai jaki.

Legas, Rodeshiya da gidajen man AP

Bayan samun 'yanci, Najeriya ta koma ɓangaren masu hanawa. A ranar 11 ga Nuwamba 1965 Ian Smith ya ayyana 'yancin Rodeshiya domin tsirarun Turawa su ci gaba da mulkin baƙar fata. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kira taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas a watan Janairu 1966, kwanaki kaɗan kafin juyin mulkin da ya ci ransa. A taron ne Firayim Ministan Ingila Harold Wilson ya ba da tabbacin cewa takunkumi zai durƙusar da Smith cikin makonni, ba sai an kai watanni ba. Mulkin tsirarun ya kai shekara 14.

Dalilin bai ɓoyu ba. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya wajabta takunkumi a Disamba 1966, ya faɗaɗa shi a Mayu 1968. Jiragen yaƙin Ingila suka yi shekara tara suna sintiri a gaban tashar Beira ta Mozambik don hana jiragen dakon mai sauka. Amma mai ya ci gaba da shiga Rodeshiya ta jirgin ƙasa daga Lourenço Marques, wato Maputo ta yau, da kuma ta Afirka ta Kudu. An tsare ƙofa ɗaya da manyan bindigogi, biyu suna buɗe. A watan Satumba 1978 rahoton binciken lauya Thomas Bingham ya fito, ya nuna cewa rassan kamfanonin Shell da BP sun daɗe suna cikin wannan safara, wani lokaci ta hanyar musayar mai da kamfanin Total na Faransa, kuma jami'an gwamnatin Ingila suna da labari.

Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta riga ta haramta kai ɗanyen man Najeriya Afirka ta Kudu. A 1978 ta janye kuɗin gwamnati daga bankin Barclays saboda hulɗarsa da gwamnatin wariyar launin fata, bankin da ya koma Union Bank. A 1979 wani jirgin dakon mai mai suna Kulu, wanda ke da alaƙa da Afirka ta Kudu, ya zo ɗaukar mai a Bonny a madadin BP. Sai kuma sabuwar gwamnatin Margaret Thatcher ta amince wa BP wani tsarin musaya da zai sa mai ya kai Afirka ta Kudu a fakaice. A ƙarshen Yuli 1979, ana jajibirin taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka, Najeriya ta ƙwace hannun jarin BP, har da kashi 20 cikin ɗari da yake da shi a haɗin gwiwar haƙar mai da Shell. Gidajen mansa suka koma African Petroleum, wato AP ɗin da masu motocin Kano suka sha mai a cikinsa shekara da shekaru.

Masana tarihi sun yi saɓani a kan abin da ya fi nauyi a wannan mataki, kishin 'yantar da kudancin Afirka ko sha'awar mallake harkar mai. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne hujjar da Najeriya ta kafa: wanda ya sayi kayanka ya miƙa wa wanda ka hana, kai ya ci amana, ko da bai taka dokar ƙasarsa ba. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Kwatano, Maraɗi, Kantin Kwari

A daidai lokacin da Najeriya ke hukunta BP, irin wannan dabara tana aiki a ƙofarta ta arewa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya dagula hanyoyin Arewa zuwa teku, alhazan Maraɗi suka shiga tsakani suka samu jari. Da kuɗin mai ya zo a shekarun 1970, gwamnati ta hana shigo da yadi da taba sigari da wasu kayayyaki don kare masana'antun gida. Kariyar masana'antu daban take da takunkumin siyasa, amma hanyar kauce musu iri ɗaya ce, kuma babu inda ta fito fili kamar nan.

Kwantenar atamfa ko shadda takan sauka a Kwatano ko Lome da takardar cewa wucewa za ta yi zuwa Nijar, don haka harajin da za ta biya kaɗan ne. Ta haura Gaya, ta sauka a sito a Ƙonni ko Maraɗi ko Damagaram. Mai kayan ya biya wa baitulmalin Nijar harajin sake fitarwa, a ba shi rasit. Har zuwa nan babu dokar da aka karya. Sai 'yan kilomitocin ƙarshe, inda 'yan fito ke rarraba kayan a ƙananan motoci da babura, su ratsa daji, su haɗe a Katsina ko Kano, washegari dila ta bayyana a Kantin Kwari. Masanin Faransa Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a 1986 a kan alhazan Maraɗi da yadda wannan ciniki ya gina su. A 1992 masana biyu 'yan Benin, John Igué da Bio Soulé, suka siffanta ƙasarsu da cewa ta zama sito. Ga Benin da Nijar wannan kuɗin shiga ne na halal a dokarsu. Ga masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa da Kakuri ta Kaduna kuwa, yana cikin abubuwan da suka haɗu da matsalar wuta da tsadar jari suka rufe su, dubban ma'aikata suka koma gida.

Kaya sun bi ta ɗaya ɓangaren ma. Man fetur da taki, waɗanda gwamnatin Najeriya ke tallafa wa farashinsu a lokacin, sun riƙa haurawa arewa, tare da hatsin Dawanau. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: muddin litar mai ta fi araha a Jibiya nesa ba kusa ba a kan Maraɗi, jarka za ta sami mai ɗaukarta.

Sau biyu Muhammadu Buhari ya gwada maganin rufe ƙofa gaba ɗaya. A Afrilu 1984 ya rufe iyakokin ƙasa tare da canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris 1986 a zamanin Janar Babangida. Rufewar ta faɗo a kan shekarar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El Buhari. A ranar 20 ga Agusta 2019, makonni shida bayan ya sa hannu a Yamai a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, ya sake rufewa. Hujjar gwamnati irin ta Turawan Ingila ce ta 1916, wato ƙididdiga: Benin, mai mutane kimanin miliyan 12 a lokacin, ta shiga sahun gaba a duniya wajen sayen shinkafar Tailan, kuma yawancinta turararriya ce, irin wadda 'yan Najeriya suka fi ci. A Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya jefa garuruwa irin su Jibiya da Maigatari cikin wahala. An buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a ranar 16 ga Disamba 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilu 2022. Injinan casar shinkafa sun ƙaru a Kano, farashin abinci ya hau, shinkafa 'yar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba, kuɗin fito ne ya ƙaru.

Kwantena 13 a Apapa

A watan Oktoba 2010 Najeriya ta tsinci kanta a matsayin ƙasa ta uku a ma'anar da dokar duniya ta sani. Jami'an tsaro suka buɗe kwantena 13 a tashar Apapa waɗanda takardunsu suka ce kayan gini ne, sai ga rokoki da gurneti da harsasai. An loda su ne a Bandar Abbas ta Iran, alhali ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1747 na 2007 ya hana Iran fitar da makamai. Asirin ya tonu ne a lokacin da ake neman sake fitar da su zuwa Banjul ta Gambiya. Najeriya ta kai rahoto Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a Mayu 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa wani ɗan Iran da wani ɗan Najeriya ɗaurin shekara biyar-biyar. Ɗan Najeriyar ba shi ya ƙera makaman ba, ba kuma shi zai harba su ba. Sunansa ne a kan takarda.

Abin da wata bakwai suka nuna

Takunkumin 2023 ya tara duk waɗannan darussa wuri ɗaya. Wanda aka sa wa Mali a Janairu 2022 ya keɓe abinci da magani da mai, duk da haka Mali ta karkata zuwa tashoshin Konakiri da Nuwakshot har aka janye shi a Yuli. Na Nijar bai zo da irin wannan keɓewa a fili ba, nauyinsa ya faɗa a kan majinyata da masu ƙaramin ƙarfi. Mali da Burkina Faso sun ƙi bin sa, Aljeriya da Libiya da Chadi kuwa ba 'yan ƙungiyar ba ne. Jihohi bakwai na Najeriya da ke iyaka da Nijar, daga Kebbi zuwa Borno, sun ji raɗaɗin kamar su aka sa wa. Daga Arewa aka fara neman sulhu: Muhammadu Sanusi II ya gana da Janar Abdourahamane Tiani a Yamai ranar 9 ga Agusta tare da Sarkin Damagaram, tawagar malamai ta bi bayansa.

ECOWAS ta janye takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu 2024 ba tare da an saki Bazoum ba, bayan Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar. Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka a ranar 13 ga Maris. A Oktoban shekarar, Nijar da kanta ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. Wadda aka hana jiya ta zama mai hanawa, da irin matsalar da ke tattare da hakan.

Tarauni da sabuwar takarda

Titin Zariya, wanda ya ratsa Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi, shi ne babbar ƙofar kayan da ke shigowa Kano daga kudu. A ƙaramar hukumar Tarauni ne kasuwar waya ta Farm Centre take, inda ake sayar da waya da kwamfuta da kayan gyaransu da aka ɗauko daga Dubai da Guangzhou da Hong Kong. A nan kusa asibitin koyarwa na Aminu Kano yake, ga bankuna da ofisoshin lauyoyi da na 'yan kwangila a Titin Gidan Zoo da Court Road. Mutanen da ke aiki a waɗannan wurare su ne sabon babin wannan tarihi ya fi shafa.

Tun daga Fabrairu 2022 da Rasha ta shiga Yukren, Amurka da Tarayyar Turai da Ingila da Japan suka hana sayar mata da kayan fasaha. Nan da nan ƙididdiga ta nuna kayan Turai na kwarara zuwa Armeniya da Kazakistan da Kirgistan, ana kuma sa ido a kan Turkiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Hong Kong. Martanin ya bi tsohuwar hanya. An fitar da jerin nau'in kaya 50 da aka fi tsoron karkatarwa, yawancinsu ƙananan sassan lantarki ne da ke aiki a na'urar gida su kuma yi aiki a makami mai linzami. A Disamba 2023 Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoninta su rubuta a kwangilar sayar da irin waɗannan kaya cewa mai saye ba zai sake fitar da su zuwa Rasha ba. A watan nan ne Amurka ta ba wa kanta ikon hukunta bankunan ƙasashen waje da suka biya kuɗin irin wannan ciniki.

Najeriya ba ta sa wa Rasha takunkumi ba, kuma abin da ya wajaba a kanta a dokar duniya shi ne ƙudurorin Kwamitin Sulhu. Amma ɗan kasuwar da ya sa hannu a kan kwangila mai wannan sharaɗi ya ɗaure kansa, bankin da ke tura masa dala kuma yana bi ta bankunan Amurka. A gida ma akwai irin wannan doka: jirgi maras matuƙi da motar sulke da sinadaran fashewa suna buƙatar takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, na'urorin asibiti masu amfani da sinadarin nukiliya kuma suna buƙatar lasisin hukumar da ke kula da wannan fanni. Alamomin da masu bincike ke dubawa sanannu ne. Kamfanin da aka yi wa rajista jiya ya yi odar abin da ba sana'arsa ba. Kuɗi ya fito daga wata ƙasa dabam da ta mai saye. Mai saye ya ƙi a zo a haɗa masa na'ura ko a ba shi garanti. Adireshin ƙarshe na kamfanin dakon kaya ne. Tayin da ya fi haɗari ga ɗan kasuwar Kano shi ne mafi sauƙi a ido, wato wani abokin hulɗa a Dubai ya ce a ara masa sunan kamfani a kan takarda, a karɓi la'ada.

Lamarin zai ƙara nauyi. An ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairu 2023, ana kuma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021. Duka biyun manufarsu ita ce Kano ta zama zango a hukumance ga kayan da za su wuce Nijar da Chadi da abin da ke bayansu. Zango kuwa darajarsa tana ga yardar masu aiko da kaya cewa abin da aka rubuta zai je Maraɗi, Maraɗin zai je.

Fataucin Hausa yana da tsohon tsarin da ya amsa wannan buƙata. A cinikin goro da na shanu, daga Salaga zuwa Sabo ta Ibadan, baƙon ɗan kasuwa ba ya sayarwa sai ta hannun maigidan da ya sauke shi. Maigida ya san mai saye, ya san gidansa da sana'arsa, shi ke tsaya masa lamuni, in aka ci amana kuma shi ke biya daga aljihunsa. Abin da takardar mai amfani na ƙarshe ke nema a wurin mai shigo da kaya a Farm Centre ko jami'in banki a Gyaɗi-Gyaɗi bai wuce wannan ba: ya san wanda yake tsaya wa, ya ajiye shaidar inda kaya suka tafi, ya kuma ƙi ba da aron sunansa ga lodin da bai ga cikinsa ba.